Zauren Fasaha: Robot ɗina na yawo, ya zan san inda yake?

Jama'a barkanmu da wannan mako. Tunda aka shiga zangon furojet akwatin saƙo ya cika da tambayoyin robot, to na tsamo guda huɗu da suke kan magana ɗaya, wato yadda mutum zai san inda 'yar na'urarsa take ba sai ya bi ta da ido ba. Ta farkon zan daɗe a kanta, sauran ukun duk daga jikinta suka fito.

TAMBAYA: Salam Injiniya, dan Allah a taimaka min. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe, furojet ɗina ƙaramin robot ne mai taya biyu da zai riƙa kai kaya daga tebur zuwa tebur a hol ɗin dipatmen ɗinmu, tsawon hol ɗin mita 8 faɗinsa mita 6. Na sayi allon Arduino Uno da modul ɗin rediyo nRF24L01 guda huɗu, niyyata in manna uku a bango ɗaya akan robot ɗin, in riƙa auna ƙarfin sigina ina gane nisa, sai kwamfuta ta nuna min inda yake. Wallahi har yanzu ko lamba ɗaya mai ma'ana ban samu ba, gashi sufabaiza na yace kuskuren kar ya wuce santimita 20. Kod ɗin ne matsalar ko modul ɗin ne jabu? Daga wani ɗalibi a Kaduna.

AMSA: Wa alaikassalam ƙanena. Kod ɗinka wataƙila lafiyarsa ƙalau, modul ɗin ma ko na asali ne daga kamfanin Nordic na ƙasar Norway haka zai maka, dan shi nRF24L01 baya bada awon ƙarfin sigina kwata-kwata. Abinda yake dashi, a samfurin da ke da alamar + a ƙarshen suna, rajista ɗaya ce da ake ce ma RPD, ita kuma eh ko a'a kawai ta sani: siginar da ta shigo tafi −64 dBm ƙarfi ko bata kai ba, shikenan (dBm ma'aunin ƙarfin sigina ne, lambar da tafi kusa da sifili ita ce mai ƙarfi). Kaga da eh da a'a bazaka auna hol ba. Modul ne mai kyau wajen aika saƙo, ga arha ga sauri, amma ba dan wannan aikin aka yi shi ba. Kar ka jefar dashi dai, zai maka amfani a gaba, kuma ka tabbata 3.3V kake bashi ba 5V ba, ka sa masa kafasita kamar 10µF dab da ƙafafun wutar dan yawancin "yau yana yi gobe baya yi" na wannan modul daga wuta ne.

To nasan abinda zaka ce, bari in canza zuwa allon ESP32 mai Wi-Fi tunda shi yana bada lambar ƙarfin sigina, RSSI. Eh yana bayarwa, modul ɗin rediyo na XBee ma na bayarwa, na LoRa ma haka. Amma tsaya kaji lissafin kafin ka kashe kuɗinka. A fili fetal inda ba bango ba komai, duk lokacin da nisa ya ninka sau biyu sigina na raguwa da 6 dB. Misali ace a mita 1 ka karanta −45, to a mita 2 zaka ga −51, a mita 4 zaka ga −57, a mita 8 kuma −63. Lura da yadda abin ke matsewa: daga mita 1 zuwa 2 bambancin 6 ne, amma daga mita 4 zuwa 5 bai ma cika 2 ba. Yanzu ka ɗauki ESP32 biyu ka ajiye su akan tebur kar ka taɓa komai, ka buɗe siriyal monita ka zuba ido, zaka ga lambar na rawa da kanta, −56, −59, −55, −60, robot ɗin ko motsi bai yi ba. Rawar nan kaɗai ta cinye mita ɗaya ko biyu. In wani ya gitta tsakaninsu sai ta ƙara faɗuwa tunda jikin mutum yawancinsa ruwa ne kuma yana shan siginar 2.4 GHz sosai, in robot ɗin ya juya eriyarsa ta kalli wani gefen sai ta sake canzawa, kwamfutarka kuma ta ɗauka tafiya yayi.

Babban abin ma ba wannan bane. Tsawon igiyar sigina a 2.4 GHz santimita 12 da rabi ne kacal, kuma a cikin ɗaki ba hanya ɗaya take bi ta iso ba, wata ta zo kai tsaye, wata ta bugi bango ta dawo, wata ta bugi ƙofar ƙarfe, wata ta bugi fanka, in rufin kwano ne ba silin kuwa ai sai abinda hali yayi dan ƙarfe mayar da sigina yake kusan gaba ɗaya. Duk su haɗu a eriya ɗaya, a wani gurbin su ƙarfafi juna a wani gurbin su kashe juna, kuma tsakanin gurbin mai ƙarfi da gurbin da ta mutu 'yan santimita ne, bai kai tsawon yatsa biyu ba. Shi yasa zaka matso da robot kusa da bango amma lambar tace nisa yayi. Ba fa laifin ɗalibai bane wannan, masu bincike na Microsoft sun yi wani tsari mai suna RADAR a shekarar 2000, suka bi bene guda wuri-wuri suna rubuta ƙarfin siginar Wi-Fi suka haɗa taswira, duk da wannan wahalar kuskurensu na tsaka-tsaki ya tsaya wajen mita 2 zuwa 3. A hol mai faɗin mita 6 wannan ai rabin hol ne. RSSI zai iya gaya maka robot na ɗakin nan ko na ɗakin can, ko yana kusa da wane tebur, amma santimita 20 ɗin sufabaiza a'a, kuma duk wanda ya nuna maka bidiyo yace yayi, tambaye shi ya maimaita da mutum goma a cikin ɗakin.

Abinda baya ƙarya shine lokaci. Sigina gudun haske take, kilomita 300,000 a sakan ɗaya, wato santimita 30 a nanosakan ɗaya, kashi ɗaya cikin biliyan na sakan kenan. Mutum ya gitta ko batir yayi sanyi gudun nan yana nan yadda yake. Sai dai Uno ɗinka bazai iya auna shi ba, micros() ɗinsa, wato umarnin da ke ƙirga lokaci a kod, tsalle yake da maikrosakan 4, a cikin wannan ɗan tsallen sigina ta ci kilomita 1.2, ta fita daga makarantarku ma gaba ɗaya. Ko bugun agogonsa na 16 MHz ka ƙirga ɗaya-ɗaya, kowane bugu wajen mita 19 ne. Dan haka batun "in aika saƙo da nRF in jira amsa in auna lokacin" ka cire shi a ranka tun yanzu.

Wanda aka ƙera dan wannan aikin shine fasahar rediyon da ake ce ma UWB, wato Ultra-Wideband. Maimakon doguwar igiya, shi 'yan gajerun bugu yake aikawa, kowanne wajen nanosakan 2, a shimfiɗe kan faɗin zango na 500 MHz. Saboda gajartar bugun mai karɓa na iya ware wanda ya fara isowa kai tsaye daga waɗanda suka biyo baya ta bango da rufi, kaga an kashe waccan matsalar ta kwano. Cif ɗin da ya yi suna a gun masu haɗa robot shine DW1000 na kamfanin Decawave da ke Dublin a ƙasar Ayalan, wanda Qorvo ta saye a 2020, daga baya aka fito da DW3000. Agogon cikinsa na sa hatimin lokaci da ƙanƙantar da bata kai tafiyar rabin santimita ba, kuma a aikace ana samun daidaito wajen santimita 10 in ba abinda ya tare tsakani. Irin fasahar ce Apple ta sa a iPhone 11 a 2019 sannan a AirTag a 2021. Akwai allunan da aka haɗa ESP32 da wannan cif ɗin wuri ɗaya, su nake baka shawara dan kar ka tsaya fama da solda akan ƙananan ƙafafu. Eh sun ninka nRF tsada sosai, kuma huɗu kake buƙata, in aljihu bai kai ba ka karanta amsa ta biyu a ƙasa.

Yadda yake aiki: na kan robot ya aika "gani", ya rubuta lokaci. Turken da ke bango, wato modul ɗin UWB da ka kafe a can, ya karɓa, ya amsa, ya faɗi tsawon lokacin da ya ɓata kafin ya amsa. Robot ya cire wancan jinkirin, ya raba saura biyu, ya ninka da gudun haske. Mita 5 bata wuce nanosakan 17 ba a tafiya ɗaya, kaga ƙanƙantar abinda ake nema. Anan akwai wani rami da ɗalibai ke faɗawa: agogon robot da na turke basa tafiya daidai cif, in sun saɓa da kashi 20 cikin miliyan kuma turken ya ɗau milisakan 1 kafin ya amsa, kuskuren zai kai mita 3. Shi yasa ake yin musayar sau biyu, robot ya aika, turke ya amsa, robot ya sake aikawa, sai saɓanin agogon ya kusa goge kansa. Laburaren da zaka sauke yawanci suna da wannan a ciki, kai dai ka duba misalin da ka ɗauko wanne ne.

Lissafin wuri kuma ba wani abin tsoro bane, na sakandare ne. Sa turke A a kusurwa ɗaya ka kira ta sifili, B a ƙarshen bangon mita 8, C a ƙarshen bangon mita 6. In nisan robot daga su ukun a, b da c ne, to x = (a² − b² + 64) ÷ 16, y kuma = (a² − c² + 36) ÷ 12. Gwada da hannu: a = 5, b = 6.4, c = 3.6. Zaka samu x = (25 − 41 + 64) ÷ 16 = 3, y = (25 − 13 + 36) ÷ 12 = 4. Robot na mita 3 ta tsawo mita 4 ta faɗi. Kar ka jera turakun akan layi ɗaya, lissafin bazai gane hagu da dama ba. Ka ɗaga su sama da kan mutane, amma in ka ɗaga kar ka manta nisan da modul ke baka a karkace yake, daga sama zuwa ƙasa. In turke yafi eriyar robot tsayi da mita 2 kuma ya karanta 2.5, nisan ƙasa 1.5 ne kawai, a² − 4 zaka sa a madadin a². In duk ukun tsayinsu ɗaya ne wannan ragin na goge kansa a lissafin da na baka, shi yasa ma nafi son a daidaita su da tef tun farko.

Abu na ƙarshe, kuma inaga shine zai raba furojet mai aiki da wanda zai kunyata mutum ranar difens. UWB zai gaya maka inda robot yake amma bazai gaya maka ina ya fuskanta ba, kuma lambarsa na ɗan rawa ko yana tsaye. To ka haɗa masa da ƙirgen taya. Irin rawayen motocin nan da kowa ke saye tayarsu milimita 65 ce, zagaye ɗaya wajen santimita 20, baƙin faifan da ke zuwa dasu kuma huda 20 gare shi, kaga in sensa tana ƙirga hudar, kowace huda santimita ɗaya kenan. Ka ƙara da sensar MPU6050 dan ta riƙa jin juyawa. Su kaɗai basu isa ba tunda kuskurensu taruwa yake, karkata ta digiri 1 tak a tafiyar mita 10 zata kauce da kai santimita 17, ga taya na sulɓi akan tayil. Amma a gajeren zango sun fi rediyo santsi. Sai ka bar taya ta riƙa jan lissafin, duk sanda awon UWB ya shigo ka ɗan jawo lissafin zuwa gare shi, misali kashi 90 na taya kashi 10 na rediyo. Babban yayan wannan dabarar shine matacin Kalman, wanda Rudolf Kalman ya wallafa a 1960 har aka yi aiki dashi a kumbon Apollo, amma ka fara da mai sauƙin yayi aiki tukuna, in lokaci ya rage sai ka burge sufabaiza da Kalman. nRF ɗinka kuma ga aikinsa nan, ya riƙa kai x da y zuwa kwamfuta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata, muna da ƙungiyar kimiyya, yaran sun haɗa 'yar mota da Arduino suna so ta riƙa sanin inda take a aji. Kuɗinmu bai taka kara ya karya ba, abinda muke dashi nRF24L01 ne da sensar auna nisa da sauti HC-SR04 guda biyar. Akwai abinda za mu iya da su ko mu haƙura? Daga wata malama a Katsina.

AMSA: Wa alaikissalam Malama, Allah ya ƙara ma ɗalibanki basira. Kar ku haƙura, kayan hannunku sun isa ku yi abu mai kyau, kuma darasin fiziks ɗin da ke ciki yafi na UWB daɗin koyarwa. Ki tuna musu damina: ana ganin walƙiya nan take, tsawar sai ta biyo baya, tazarar da ke tsakani ita ke nuna nisan hadarin. To haka za ku yi, rediyo shine walƙiyar, sautin HC-SR04 shine tsawar. Turke ya saki saƙon rediyo da bugun sauti a tare, motar na jin rediyon sai ta fara ƙirga, sautin na isowa sai ta tsaya. Sauti mita 343 yake ci a sakan in yanayi na digiri 20, wato wajen milisakan 3 kowace mita, shi kuma Uno a tsallensa na maikrosakan 4 sauti ko milimita 2 bai ci ba. Agogon da ya gaza da haske yayi ma sauti yawa. Ba sabon abu bane, a jami'ar MIT ta Amurka an yi tsarin Cricket a shekarar 2000 da wannan dabarar, suka manna turakun a silin.

Dabarar HC-SR04 ɗin ita ce shi an yi shi ne ya aika kuma ya saurari amsa-kuwwar kansa. To na kan motar sai ku toshe bakin da ke aikawa, wanda aka rubuta T a gefensa, da ɗan soso da selotef, ku bar kunnen, sannan saƙon rediyo na shigowa ku tayar dashi ya fara sauraro. Akwai ɗan jinkiri tsakanin aika saƙon da tayarwar, amma kusan kullum ɗaya ne, ku auna shi sau ɗaya da tef a nisan da kuka sani ku riƙa cirewa. Turakun su riƙa magana ɗaya bayan ɗaya, a bar tazara kamar milisakan 50 zuwa 60 dan sautin farko ya mutu, in ba haka ba motar zata ji amsa-kuwwar A ta ɗauka B ne.

Matsala biyu za ku haɗu dasu. Sensar nan a tsuke take jin sauti, kamar digiri 15 zuwa 30 gabanta, in motar ta juya baya shikenan, shi yasa gara turakun su kalli ƙasa daga sama, kunnen motar ya kalli sama, kuma ku fara da fili ƙarami kamar mita 2 ko 3. Na biyu zafi. Gudun sauti na ƙaruwa da kusan mita 0.6 a sakan duk digiri ɗaya, a digiri 40 ya kai wajen 355. Lambar 343 da yara za su kwafo daga intanet ta ɗaki mai sanyi ce, in kun yi awo da safiyar hunturu kuka zo nunawa da azahar a watan Afrilu za ku ga bambancin sama da kashi 3 cikin ɗari, a mita 3 santimita 10 kenan ko fiye. Ku sa 'yar sensar zafi irin DHT22 ko DS18B20, gudun ya zama 331 a tara da 0.6 sau digirin da aka karanta. Ki bar yaran su gano wannan da kansu kafin ki faɗa musu, su auna da safe su auna da rana su zo suna gardama.

TAMBAYA: Injiniya barka da aiki. Ni nawa ba a ɗaki bane, wata 'yar motar feshi nake haɗawa da zata bi kunya a gonar tumatir. Na sa mata GPS NEO-6M da LoRa, amma in na duba a taswira sai inga tana tsalle cikin gonar maƙwabci alhali tana gabana a tsaye. In ƙara ma LoRa ɗin eriya babba zai gyaru? Daga wani mai noman rani a Kura.

AMSA: Barka kadai Alhaji. Eriya ba zata gyara ba, dan LoRa ɗin ɗan aike ne kawai, abinda GPS ya bashi shi yake kawo maka, ko ka sa masa eriya mai tsawon falwaya lambar da aka bashi ce zai kawo. Tsallen daga GPS ɗin yake. Shi NEO-6M na kamfanin u-blox na Suwizalan, a takardarsa ma daidaiton mita 2.5 aka rubuta, wannan kuma ma'anarsa rabin awon ne ke faɗawa cikin wannan da'irar, sauran rabin na waje. Taurarin na sama da kilomita 20,000 daga nan, siginar na ratso sararin sama ta ɗan yi jinkiri, jinkirin kuma canzawa yake daga safe zuwa rana. Wannan ya isa ka san motar na wace gona in an sace ta, amma kunyar da faɗinta bai kai mita ɗaya ba sai dai ta tattake maka tumatir.

Maganin da manyan taraktoci ke amfani dashi sunansa RTK. GPS biyu ake sawa, ɗaya a kafe akan sanda a bakin gona baya motsi, ɗaya akan motar. Tunda duk su biyun sama ɗaya suke kallo kuskurensu kusan iri ɗaya ne, sai na kafen ya riƙa aika ma na motar gyara ta rediyo kowane sakan, kuma ba saƙon tauraron kaɗai suke karantawa ba har igiyar da ta ɗauko saƙon suke ƙirgawa, mai tsawon santimita 19. Da haka ake saukowa santimita 2 ko 3. Modul irin ZED-F9P na yin wannan, amma biyu zaka saya da eriyoyi masu kyau, kuɗin ba na wasa bane, kuma ka lura LoRa in ka saita shi a mafi nisan zango yana tafiyar hawainiya, bazai iya ɗaukar saƙon gyaran ba sai ka ɗaga saurinsa.

Ni da nine kai, kafin in kai ga nan zan raba aikin biyu. GPS mai arha ya riƙa faɗin wane ɓangaren gona take, bin kunya kuma a barwa abinda ke ganin kunyar da kanta, sensar nisa a gefe da gefe ko 'yar kyamara, ko ma tayoyin su zauna cikin kwarin kunya ya riƙe su. Kamfas ɗin lantarki in zaka sa ka ɗora shi akan sanda nesa da motoci da batir, dan maganaɗisun mota na juya masa kai.

TAMBAYA: Slm. Yaya ni gaskiya rediyon nan ya isheni, gasar robot za mu shiga a fili mai mita 3 da 3 kuma saura wata ɗaya. Ba wata hanya? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Akwai ƙanwata, kuma a fili irin wannan ita ce tafi. Rataya kyamara a sama tana kallon ƙasa, ko webkam ko tsohuwar waya, ki buga alamar ArUco a takarda, wani baƙi da farin murabba'i ne da aka ƙirƙiro a jami'ar Kordoba ta Sifen kuma yana cikin laburaren sarrafa hoto na OpenCV kyauta, ki manna a saman robot ɗin, ki manna wasu huɗu a kusurwoyin filin dan kwamfuta ta san ma'auni. Hoto ɗaya zai baki wuri da kuma inda robot ya fuskanta, abinda rediyo baya bayarwa. In kyamarar na ɗaukar ɗigo 1280 a faɗi kuma tana ganin mita 4, kowane ɗigo wajen milimita 3 ne. Haka ake yi a rukunin ƙananan robot na gasar ƙwallon RoboCup, kyamarori a sama, kwamfuta a gefe, rediyo aikinsa kai umarni kawai. Robot ɗin sito na Kiva ma da Amazon ta saya a 2012 alamomin da aka manna a daɓe suke karantawa su san inda suke.

Ki fara tambayar masu gasar ko doka ta yarda a rataya kyamara da sarrafawa daga waje, dan wasu gasannin sai komai na jikin robot. In sun yarda, ki buga alamar a takarda mara sheƙi, kar ki yi mata laminetin dan hasken fitila zai wanke ta kyamara ta daina gani, ki bar farin gefe kewaye da baƙin, ki ɗaure kyamarar tamau kar iskar fanka ta riƙa kaɗa ta. In basu yarda ba, to ƙirgen taya da MPU6050 ɗin da na faɗa ma ɗan'uwanki na Kaduna, ki ƙara da HC-SR04 biyu masu kallon bangon filin, ɗaya gaba ɗaya gefe, a mita 3 sun isa su riƙa gyara miki lissafin duk sanda robot ya daidaita da bango.